Tsibin Duwatsun da Ba Shara Ba Ne

Duniya ta iya makokin farar ƙanƙara. Da zarar wani ɓangarenta ya zube daga kan tsauni, sai a ɗauki hoto, a yi ta jimami. Amma 'yar'uwarta da ta yi lulluɓi da tsakuwa ba ta da mai yi mata kuka, domin ido ba ya ganin komai a kanta sai tsibin duwatsu. Wannan hukunci na kallon fuska zalunci ne.

A tsaunukan Andis na Ajantina da Chile akwai dubban irin wannan tsibi. Cikinsa ƙanƙara ce cakuɗe da dutse, tana gangarowa a hankali, galibi ƙasa da mita 1 a shekara. Duwatsun sama suna tare mata zafin rana, don haka takan jima ba ta narke ba. Ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga gindinta yakan tsaya ƙasa da digiri 2 ko a tsakiyar lokacin zafi. A irin wannan ruwa ne gansakuka da ƙwarin da ba sa jure ɗumi suke samun mafaka. Idan ɗumamar yanayi ta cinye farar ƙanƙara, nan ne sauran gidan da zai rage musu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Masu haƙar zinariya da jan ƙarfe suna cewa ruwan da tsibin ke bayarwa kaɗan ne, aikin yi kuwa da yawa. Sai dai kaɗan ɗin nan yana zuwa ne a shekarar fari, sa'ad da manomin San Juan ya fi ƙishinsa. Ramin ma'adinai yana ƙarewa cikin shekaru gomomi; abin da motar tona ta kwashe kuwa shekaru dubbai ya yi yana taruwa, kuma babu kuɗin da zai sake gina shi.

Ajantina ta gane haka. Dokarta mai lamba 26.639 ta shekarar 2010 ta kare farar ƙanƙara da mai lulluɓi baki ɗaya, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar kamfanin Barrick Gold a kanta. Duk mai neman a sassauta wannan kariya, sai ya fara gaya wa mutanen kwari inda za su ɗebo ruwa, ya kuma nuna wa ƙwarin ƙorama wani tsaunin da za su koma.