Sabon Allo A Hannun Malami

Duk magidancin da ke da ɗa a makarantar firamare ta Gwamnati a Ikko, ko a Agege yake zaune ko Idi-Araba ko Obalende, ya kamata ya san cewa aji ya sake kama. A shekarar 2019 ne Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ƙaddamar da shirin EKOEXCEL, aka raba wa malamai 'yar kwamfutar hannu mai kama da allo. Jihar Edo ce ta riga yin haka a 2018, daga baya Kwara da Bayelsa suka bi sahu.

Ga yadda abin yake. A ofis ake tsara darasi, a aiko da shi ta intanet, malami ya riƙe na'urar yana bi daki-daki, kowane sashe da mintocinsa. Ita kuma tana rubuta lokacin da malami ya iso, da yaran da suka zo, da ko an kai ƙarshen darasi. Babu shakka wannan ya yi amfani. Malamin da ya saba zuwa da hantsi ya sulale kafin azahar, asirinsa ya tonu, wanda kuma bai ƙware ba ya sami abin dogara.

To, amma akwai yaron da na'urar ba ta san da zamansa ba, wato ɗan shekara 6 wanda ya tashi a gidan da Hausa kaɗai ake yi. Da Turanci darasin ke zuwa. Idan malama ta ga yara sun yi zuru, sai ta juya harshe zuwa Yarabanci, kuma ba ta yi laifi ba, don mafi yawan 'yan ajin shi suke ji. Ɗan Hausawa kuwa an bar shi a baya sau biyu ke nan. Mintoci su cika, a wuce gaba, ofis ya sami labari cewa an gama darasi lafiya lau. Haka yaron zai haye aji 2, ya haye aji 3, yana maimaita abin da ya ji kamar aku, bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Ran da uban ya gane, sai ya ce boko ɓata lokaci ne, ya ja shi rumfar albasa a Mile 12. In 'ya mace ce, a ɗora mata farantin talla.

Iyaye ma da nasu laifin. Wasu sun ɗauka miƙa wa yaro wayar hannu shi ne ba shi ilmin zamani, alhali wasanni da rawa yake kallo har barci ya sace shi. Gaskiya ne a 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, tare da UNICEF da kamfanin Microsoft, ta buɗe Nigeria Learning Passport, inda ake samun darussa kyauta, har da na Hausa. Sai dai yaro ƙarami ba zai amfana ba sai da babba zaune a gefensa. Ko ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa wajen cika azuzuwa da na'urori, a 2023 ta juyo ta zuba kuɗi a littattafan takarda saboda ƙananan yara.

Saboda haka tilas ne Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa su tashi tsaye. Kujerun 'yan Arewa sun daɗe babu kowa a taron iyaye da malamai, kuma wanda bai zo ba, ba a jin kukansa. Su haɗa kai su rubuta wa hukumar ilmin firamare ta jihar da suke zaune, su nemi a sa mataimakin malami mai jin Hausa a aji 1 da aji 2 na makarantun unguwannin da Hausawa suka yi yawa. Akwai samari da 'yan mata masu takardar koyarwa a waɗannan unguwanni, suna zaune babu aiki.

Kafin hukuma ta amsa, kowane uba ya kira ɗansa bayan sallar isha'i, ya buɗe masa littafinsa a shafin da ba a koya musu ba, ya ce ya karanta layi ɗaya. Uban da bai yi boko ba ya nemi maƙwabci ya saurara masa. Idan yaron ya kasa, a tafi wurin hedimasta da safe.