Mdou Moctar: mun tafa wa waƙa ɗaya, sauran takwas fa?

Ƴan'uwa, a watan Mayu na 2024 wani ɗan ƙasarmu ya fitar da albam wanda jaridun kiɗa na Amurka da Turai suka yi ta yabo. Sunansa Funeral for Justice, wato jana'izar adalci. Mai shi Mahamadou Souleymane ne, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Azawak a jihar Tawa. Waƙoƙi tara ne a ciki. To a fadodin Maraɗi da Damagaram da Yamai, mutum nawa suka saurare su daga farko har ƙarshe?

Ga wanda bai san shi ba: bahago ne a gita, kuma gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayoyin birkin keke. Albam ɗinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, ya sa wa muryarsa na'urar nan mai lanƙwasa murya da mawaƙan fina-finan Hausa ke so. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula ta Bluetooth, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na Sahel Sounds, wanda ya sa ɗaya a cikin tarin waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara. Ke nan tun farko mutumen mai gwaje-gwaje ne, kuma kiɗanmu na kudu yana cikin abin da ya fara gwaji da shi.

Wanga albam ya fi na baya zafi. Gita tana ihu kamar ana yanka ta, ganga tana gudu ba numfashi. Masu sauraro a nan gida da yawa, da sun ji minti ɗaya sai su ce: "Kai, wannan ai hayaniya ce, kiɗan Turawa ne." Ban yarda ba. Ku kasa kunne ƙarƙashin ƙarar, za ku ji tafi da amshi da bugun bukukuwan aure na Agadas, inda ya daɗe yana wasa. Ƙarar kuma da gangan ce. Wanda ke shelar mutuwa ba ya raɗa. In adalci ne aka ɗauko a makara, da wace murya kuke so a sanar?

Can waje kuma wata matsala ce daban. Zauren wasa ya cika, ana tsalle, ana kwatanta shi da Jimi Hendrix, amma akasarin masu tsallen ba su jin ko kalma ɗaya ta Tamajak. Mutum yana kuka da uraniyom ɗin Arlit da ya haska gidajen wasu ya bar ƙauyukanmu cikin duhu, su kuma yatsunsa suke kallo. Sai dai kafin mu yi musu dariya, mu tambayi kanmu: mu da muke ƙasa ɗaya da shi, Tamajak nawa muke ji? Su teku ya raba su da shi. Mu fa, mi ya raba mu?

Waɗanda suka fi damuna su ne masu zaɓe. A cikin waƙoƙin akwai "Oh France", wadda ta caccaki Faransa kai tsaye. Ta zo daidai da zuciyar matasa, watanni kaɗan bayan sojojin Faransa na ƙarshe sun bar ƙasar a Disamba 2023. Ita kam an karɓe ta hannu bibbiyu. Amma waƙar da ta buɗe albam ɗin, shugabannin Afirka take tuhuma a kan halin da suka bar talakawansu. Kuma an rubuta waƙoƙin ne kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, saboda haka ba wanda zai ce don faranta wa wata gwamnati aka yi su. Mawaƙin da kansa ya faɗa cewa bai goyi bayan juyin mulki ba, kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. Duka biyun a baki ɗaya. Yau a Facebook, wanda ya haɗa maganganun nan biyu, kowane ɓangare sai ya jefe shi.

Sai "Imouhar", wadda ke kiran Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace. Mu Hausawa sai mu ga kamar ba da mu ake ba. Da mu ake. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, kuma mun yi murna. Amma a kasuwar Agadas ko ta Abalak, da wane harshe ake ciniki? Yaron da ya tashi a birni ya manta Tamajak, ba kullum Faransanci ne ya maye gurbinsa ba. Sau da yawa namu ne. Wanda ya san zafin a raina masa harshe a lakkwal bai kamata ya toshe kunne ba in maƙwabcinsa ya yi kuka iri ɗaya.

Masu cewa ƙara ce ta hana su ma, uzurinsu ya ƙare. Lokacin juyin mulki, shi da abokan kiɗansa suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa dawowa gida. A zaman jiran nan suka sake ɗaukar waƙoƙin da gita marar lantarki, a hankali, cikin kewar gida. Shi ne Tears of Injustice da ya fito a Fabrairu 2025. Saƙon bai sake ba, murya ce ta sauka.

Mun saba da mawaƙi mai yabo, wanda ake yi wa liƙi ya faɗi abin da mai kuɗi ke son ji. In muka ɗauki waƙa ɗaya ta Mdou Moctar da ta yi mana daɗi muka watsar da takwas, to mun mai da shi maroƙinmu ke nan, alhali ba don haka ya ɗauki gita ba. Ba dole ne kiɗan ya burge ka ba. Kunne kowa da nasa. Amma kada ka yanke hukunci a minti ɗaya.

Ga shawara. Ran da aka ɗora shayi a fada, a kunna albam ɗin gaba ɗaya. A gayyato aboki mai jin Tamajak, a unguwa ko a jami'a ba a rasa shi, ya fassara muku baiti bayan baiti. Ku yi gardama, ku saɓa, ba laifi. Sannan ku dawo nan ku gaya mana wace waƙa ce ta fi ɓata muku rai, kuma don mi.