Mudu Biyu a Majalisar Alƙali

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya yi umurni da adalci, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajiran ƙasar Gumel, wanda duk ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san abin da ake yi wa ma'auni mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Tona shi ake yi a bainar jama'a. To, ku sani mudu biyu sun shiga wurin da ya fi kasuwa girma, wato majalisar alƙali.

Manyan kotuna suna da ikon ladabtar da wanda ya raina su, har da ɗauri. Tsarin mulki na 1999 ya tabbatar musu da wannan iko a sashe na 6, ya kuma lissafa su, a cikinsu akwai Babbar Kotun Jiha da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, irin waɗanda ke Dutse. Mu ba mu ƙi wannan iko ba. Malamanmu na Malikiyya sun riga su gare shi. Mai Muhtasar, Shaihu Halilu, ya ba alƙali ya ladabtar da wanda ya munana masa a majalisa, amma ya togace wanda ya ce masa ya ji tsoron Allah cikin lamarinsa, wannan sai a sassauta masa. Ashe ikon na tsare hukunci ne, ba na tsare girman kai ba.

Raini kuwa iri biyu ne. Akwai na gaban ido, kamar ɗaga murya. Akwai na bayan ido, shi ne a yanke hukunci mai iko ya ƙi zartarwa. Na biyun shi ne mafi muni, gama Sayyadina Umar ya gargaɗi Abu Musa a wasiƙarsa cewa faɗin gaskiyar da ba a zartar ba ba shi da amfani. Yanzu ku dubi yadda aka auna su.

A watan Yuli na 2022, Babbar Alƙaliyar Jihar Akwa Ibom ta ɗaure wani lauya, Inibehe Effiong, wata ɗaya, domin ta ce ya yi mata rashin ladabi a majalisa. Ran nan aka wuce da shi kurkuku, bai fito ba sai cikin Agusta. A watan Nuwamba na wannan shekara, Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yanke wa shugaban 'yan sandan Nijeriya na lokacin, Usman Alkali Baba, ɗaurin wata uku, saboda wani hukunci na 2011 da ba a cika ba. Bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba, a Disamba kotun ta janye. Kafin wannan, Sambo Dasuki na Sakkwato, kotuna sun ba da belinsa ba sau ɗaya ba, kotun ECOWAS ta ce tsarewarsa ba ta halatta ba a 2016, amma ba a sake shi ba sai 24 ga Disamba 2019, bayan shekara huɗu. Wa aka ɗaure a kan wannan? Ba kowa. Alhali sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum zartar da hukuncin manyan kotuna.

Kada wani ya ce muna wanke wane ko muna kama wane. Laifinsu ko kuɓutarsu alƙali ya sani. Abin da muke faɗi shi ne, bulalar da ke sauka a bayan mai ɗaga murya ita ce ke lanƙwashewa in ta ga mai bindiga.

Wasu daga cikinmu suna cewa, "Kotun boko ce, ina ruwanmu?" Wannan magana ta gafala ce. In manomin Gagarawa ya ci shari'ar gonarsa, ko falken Sule Tankarkar kotu ta ce a mayar masa da shanunsa, mai iko ya ce ba zai bi ba, me ya rage a hannunsa? Takarda. Ranar da aka saba taka hukuncin Abuja, ba za a ji nauyin taka na alƙalin garinku ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya sanar da mu abin da ya halaka mutanen farko: suna ƙyale babba, suna tsayar da haddi a kan mai rauni.

Saboda haka muna kira. Ya ku alƙalai, ku yi haƙuri da abin da ya taɓa kanku, ku yi tsanani ga abin da ya taɓa haƙƙin talaka. Ya ku masu mulki, wanda hukunci bai yi masa daɗi ba ya ɗaukaka ƙara, kada ya take. Ya ku malamai, ku karantar da wannan a zaurukanku, ku fara da kanku: in sammaci ya zo, ku amsa.

Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon binta. Wassalamu.