Jera Sunayen Taurari Ba Nazari Ba Ne

Akwai wata al'ada da ta yi katutu a nazarin ƙagaggun labaran Hausa. Da an ce wa ɗalibi ya tattauna taurari, sai ya kasa su gida biyu, manya da ƙanana, ya maimaita labarin, ya ajiye alƙalami. Wannan ƙidaya ce kawai. Tambayar manazarci ita ce: da wace dabara marubuci ya sa muka san halin mutumin nan?

Marubutan Rasha na ƙarni na 19 gwanaye ne a wannan fage. A littafin Gogol na 1842, Matattun Rayuka, tarin tarkacen da Plyushkin ya jibge a ɗakinsa ne ya tona rowarsa. Goncharov, a 1859, ya bayyana kasalar Oblomov da gadonsa da tsohuwar rigar shan iskarsa. Tolstoi kuwa, da Anna Karenina ta sauka daga jirgin ƙasa ta hangi mijinta, kunnuwansa ne suka fara tsone mata ido. Mai karatu ya gane zuciyarta ta juya, ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Ɗauki wannan idon ka koma kan Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar 1933 da Rupert East ya shirya. Alhaji Imam ne ke ba da labarin da bakinsa, saboda haka duk abin da muka sani game da Malam Zurƙe daga bakin abokin hamayyarsa muka ji shi. Wa ya tabbatar mana Zurƙe ya fi Alhaji mugunta? A Jiki Magayi kuma, dubi yadda rasa Zainab ya mai da Abubakar mai neman fansa. A canjin nan halinsa yake.

Wasu za su ce me ya haɗa Bahaushe da Rasha? Ai Abubakar Imam kansa ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, ya yi musu rigar Hausa a Magana Jari Ce. Wanda ya hana ɗalibi aron ma'auni, ya fi Imam kishin Hausa ke nan?

Ɗalibin Gounghin ta Wagadugu zai sami Tolstoi da Faransanci, na Kano da Ingilishi. Ku karanta, sa'an nan ku dawo ku tambayi kowane tauraro: me ya mallaka, yaya yake magana, kuma wa ke ba mu labarinsa?