Ƙarin Kuɗin Waya da Haƙƙin Mai Saye

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, bayan sun nemi a ninka shi. Hujjarsu ita ce faɗuwar darajar naira da tsadar man dizal da injinan turakun sadarwa ke sha. Hujjar tana da ƙarfi, amma wanda ya karɓi ƙarin kuɗi ya ɗauki ƙarin alhaki.

Idan za a iya tunawa, da wayar tafi-da-gidanka ta shigo a 2001, kuɗin minti guda cur ake cira ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi, har sai da Globacom ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi sahu. Gasa da ƙorafin jama'a ne suka kawo wannan sauƙi.

A yau 'yan kasuwa daga Alaba zuwa Ariaria ta waya suke karɓar kuɗin ciniki, don haka yankewar layi asara ce. Ya wajaba mai waya ya tsare aljihunsa: ya hana manhajoji sabunta kansu da data, ya kashe bidiyon da ke kunna kansa. In an ci masa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, ya kai kuka ga kamfanin. In ba a share masa hawaye ba, ya buga 622, layin hukumar na kyauta.

Ita kuwa hukumar, wajibinta ne ta riƙa bayyana wa jama'a hukuncin da ta yanke wa duk kamfanin da ya gaza.