Kyauta Ma Tana da Sharaɗi

Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, Talata Mafara, ba daga tushe yake farawa ba. Yakan ɗauko guntayen manhaja da wasu suka bayar kyauta, ya ɗora nasa. Sai dai kowane guntu yana tafe da lasisinsa, kuma lasisi biyu na iya cin karo.

Ga misali. Lasisin GPL ya hana a ƙara wa mai karɓa sabon sharaɗi. Tsohon lasisin OpenSSL kuwa, manhajar da ke kare sirrin saƙonni a intanet, ya wajabta ambatonta cikin talla. Saboda haka haɗa su a rarraba bai halatta ba sai da izini na musamman. A 2021 OpenSSL ta koma lasisin Apache 2.0, wanda ya dace da GPL na 3, bai dace da na 2 ba.

A ganina, wajibi ne malamanmu na sakandare, daga Bakura har Maradun, su koya wa ɗalibai karanta lasisi kafin ɗauka. In ba haka ba, yaro zai gama aikinsa, doka ta hana shi rabawa. Rigakafi ya fi magani.