Awo Kafin Tashi

'Yan'uwa, mu mutanen Gagarawa Tasha jirgin ƙasa muka sani, tun da dogo ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930. Shi kam ya ja buhunan gyaɗa ba iyaka. Ƙaramin jirgin sama ba haka yake ba.

Ku dubi na mishan ɗin SIM, mai kai likitoci daga Yamai zuwa asibitin Galmi a Nijar, wanda aka buɗe a 1950. Kafin a tashi, sai matuƙi ya auna kaya, ya san nauyin kowane fasinja. Dalili kuwa, zafi yakan sa iska ta yi sakayau, fikafikai su kasa ɗaga nauyi mai yawa. Wanda ya ɓoye kaya ya jefa ran kowa cikin hatsari.

To, gida ma ƙaramin jirgi ne. In maigida ya ci bashi ya ɓoye wa matarsa, ranar da mai bi ya yi sallama, har kuɗin makarantar yara sai ya tafi. Mu zauna da iyalinmu, mu faɗi nauyin da muka ɗauko tun da wuri. Ubangiji ya taimake mu. Amin.